Matsalar Samar da Wuta ga Farantin Peltier Wajen Sanyaya Furosesar da Aka Zaburar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan yadda ake ciyar da farantin Peltier da wutar lantarki idan ana so ya sanyaya furosesar da aka tilasta wa gudun da ya wuce wanda kamfani ya ƙayyade mata. Galibin waɗanda suka gwada wannan aiki sukan mayar da hankalinsu ga farantin kansa, su bar maganar wuta sai daga baya, bisa zaton cewa da zarar an sami inda za a jona waya an gama. Wannan zato kuwa shi ne ya jawo wa mutane da yawa asarar dukiya da ƙonewar kayan aiki.

Abin da takardar take ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, yawan wutar da aka ba faranti ba shi ne yawan sanyin da zai bayar ba. Akwai matakin da idan aka wuce shi, duk ƙarin wutar da aka yi zafi za ta koma. Saboda haka tsarin wuta shi ne abin da ya kamata a fara yanke shawara a kansa, domin shi yake ƙayyade yawan farantan da za a saya, da kaurin waya, da girman lagireto, har da tsawon ran furosesar.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu daidaita a kan kalmomin da za a yi ta maimaitawa. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda take aiwatar da lissafi. Zaburarwa kuwa ita ce ƙara mata gudu fiye da ƙa'ida, kamar yadda mahayi yake zaburar da doki. Matsin lantarki shi ne ƙarfin da yake tura wuta cikin waya, ana auna shi da bolt. Kwarara ita ce yawan wutar da take wucewa, ana auna ta da amfiya. Turjiya ita ce ƙin da abu yake yi wa wucewar wuta, ana auna ta da om. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wanda da shi ake auna wutar da aka ci, da shi kuma ake auna zafin da ake fitarwa a kowace daƙiƙa. Akwatin wuta shi ne na'urar da take karɓar wutar bango mai kai-da-komo ta mayar da ita wuta mai bin hanya ɗaya, irin wadda kwamfuta take amfani da ita.

2.0 Asalin Farantin Peltier

A shekarar 1821 wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta aka ɗumama mahaɗa ɗaya aka bar ɗayar da sanyi, wuta takan gudana a cikinsu. A shekarar 1834 kuma Jean Peltier, mutumin Faransa wanda asalin sana'arsa haɗa agogo ce, ya gano kishiyar wannan, watau idan aka tura wuta ta cikin irin wannan haɗi, mahaɗa ɗaya takan yi sanyi ɗayar ta yi zafi. Bayan shekara huɗu, a 1838, Emil Lenz a ƙasar Rasha ya daskarar da ɗigon ruwa a kan mahaɗar bismut da antimoni, sa'an nan ya juya hanyar wutar ƙanƙarar ta narke.

Duk da haka abin bai zama mai amfani a aikace ba sai bayan fiye da shekara ɗari, lokacin da binciken Abram Ioffe a Tarayyar Sobiyet, da na Goldsmid da Douglas a Ingila a 1954, suka nuna cewa sinadaran semikondakta, musamman haɗin bismut da teluriyam, sun fi ƙarafa nesa ba kusa ba a wannan aiki. Farantin da ake sayarwa a yau ƙananan ginshiƙai ne na wannan sinadari, an jera su bibbiyu, an haɗa su da 'yan guntayen jan ƙarfe da dalma, an matse su tsakanin fallayen tangaran biyu. Shi ne a cikin ƙananan firji na mota da wasu na'urorin sanyaya ruwan sha na ofis. Ba shi da injin matsa gas, ba shi da wani sashe mai motsi. Abin lura a nan shi ne, faranti ba ya hallaka zafi. Ɗauko shi yake yi daga fuska ɗaya ya sauke a ɗayar, ya kuma ƙara masa da nasa zafin.

3.0 Zafin Furosesar da Aka Zaburar

Wutar da furosesa take ci kusan dukkanta zafi take komawa. Yawanta kuma ya dogara ga abu biyu: tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu, tana kuma ƙaruwa daidai da matsin lantarki idan aka ninka shi da kansa. Matsalar ita ce, furosesa ba ta yarda ta tsaya daram a kan gudu mai yawa sai an ƙara mata matsi. Alal misali, a ɗauka furosesa tana fitar da wat 150 a kan gudun gigahaz 4.5 da bolt 1.20. Idan aka kai ta gigahaz 5.0 da bolt 1.35, lissafi zai ba da kimanin wat 211. Ke nan an sami ƙarin gudu na kashi 11 cikin 100, an biya da ƙarin zafi na kashi 41 cikin 100. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Tarihi ya nuna yadda wannan nauyi ya yi ta ƙaruwa. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, wadda ta yi suna saboda sauƙin kai ta megahaz 450 daga 300. Zafinta na ƙa'ida bai kai wat 20 ba, don haka ko bayan zaburarwa faranti ɗaya matsakaici yakan iya da ita. A wannan zamani ne farantin Peltier ya sami karɓuwa wurin masu wannan sha'awa. Amma Core i9-10900K ta shekarar 2020 an ba ta damar kai wa wat 250 na ɗan lokaci, Core i9-13900K ta 2022 kuwa wat 253, tun kafin a zaburar da su. Dabarar da ta yi aiki a kan wat 30 ba lalle ne ta yi a kan wat 250 ba. A sauran wannan takarda za mu ɗauki wat 200 a matsayin nauyin da ake so a kwashe.

4.0 Lissafin Wuta da Sanyi

Abubuwa uku ne suke gudana a cikin faranti a lokaci guda. Na farko shi ne kwasar zafi ta hanyar Peltier, wadda take ƙaruwa daidai da kwarara. Na biyu shi ne zafin da turjiya take haifarwa, wanda yake ƙaruwa daidai da kwarara idan aka ninka ta da kanta, kamar yadda James Joule ya nuna, kuma rabinsa ne yake komawa fuskar sanyi. Na uku shi ne zafin da yake silalowa da kansa daga fuskar zafi zuwa fuskar sanyi ta jikin ginshiƙan. Idan muka kira zafin da aka kwashe Q, wutar da aka ci P, kwarara I, turjiya R, ƙarfin Seebeck S, silalar zafi K, yanayin fuskar sanyi a ma'aunin kelbin T, tazarar da ke tsakanin fuskokin biyu kuma D, to:

Q = (S × I × T) − (½ × I × I × R) − (K × D)

P = (S × I × D) + (I × I × R)

Zafin da za a fitar a fuskar zafi = Q + P

Domin a ga ma'anar wannan a zahiri, bari mu ɗauki farantin da ya fi yawa a kasuwa, mai lamba TEC1-12706. Faɗinsa milimita 40 ne a kan 40, yana da tagwayen ginshiƙai 127, iyakar kwararar da aka yarje masa kimanin amfiya 6 ce, turjiyarsa kuma wajen om 2. Don sauƙin lissafi za mu ɗauki S a kan 0.05, R a kan 2, K a kan 0.5, waɗanda alƙaluma ne da aka daidaita kusa da na irin wannan faranti. Za mu kuma ɗauka fuskar sanyi tana kan kelbin 290, watau digiri 17 a ma'aunin Salsiyos, tazara kuma digiri 20. Riba a nan ita ce Q a raba da P. Ga abin da lissafi ya bayar:

Amfiya 2, bolt 5: an kwashe wat 15, an ci wat 10, riba 1.50
Amfiya 3, bolt 7: an kwashe wat 24.5, an ci wat 21, riba 1.17
Amfiya 4, bolt 9: an kwashe wat 32, an ci wat 36, riba 0.89
Amfiya 6, bolt 13: an kwashe wat 41, an ci wat 78, riba 0.53
Amfiya 8, bolt 17: an kwashe wat 42, an ci wat 136, riba 0.31

Layi na ƙarshe ya wuce iyakar farantin, an kawo shi ne kawai domin a ga inda hanyar ta nufa. Idan muka duba da kyau za mu ga cewa daga amfiya 2 zuwa 4 an ƙara wat 26 na wuta an sami ƙarin wat 17 na sanyi. Daga amfiya 6 zuwa 8 kuwa an ƙara wat 58 an sami wat 1 tak. Dalili shi ne, sashe na farko na lissafin tafiya yake yi, na biyu kuwa gudu yake yi, dole wata rana ya cim masa.

Haka kuma ya kamata a fahimci lambobin da ake rubutawa a takardar bayanin faranti. Idan an ce yana kwashe wat 50 zuwa 57, ana nufin lokacin da babu tazara ko kaɗan tsakanin fuskokinsa. Idan an ce yana kai tazarar digiri 66 zuwa 75, ana nufin lokacin da ba ya ɗauke da nauyin komai. Ba a samun biyun a lokaci ɗaya, kuma rashin sanin haka ya sa mutane da yawa sun ɗora faranti mai wat 60 a kan furosesa mai wat 100, sa'an nan su yi mamakin ganin ta fi da zafi.

5.0 Tsari Biyu a Kan Bolt 12

Akwatin wutar kwamfuta yana ba da bolt 12, saboda haka a kan wannan matsi yawancin mutane suke jona faranti. Akwai hanya biyu ta yin haka domin kwashe wat 200.

Hanya ta farko ita ce a jona kowane faranti kai tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Kowanne zai ja amfiya 5.5, ya ci wat 66, ya kwashe wat 39.5. Farantai biyar za su kwashe wat 197.5, su ci wat 330, su ja amfiya 27.5. Zafin da zai taru a fuskar zafi kuwa ya kai wat 528.

Hanya ta biyu ita ce a jera farantai bibbiyu, ɗaya a bayan ɗaya, yadda wuta za ta bi ta cikin na farko ta shiga na biyu, kowanne ya sami bolt 6. A haka kowanne zai ja amfiya 2.5, ya ci wat 15, ya kwashe wat 20. Farantai goma, watau tagwaye biyar, za su kwashe wat 200 cif, su ci wat 150, su ja amfiya 12.5. Zafin da za a fitar wat 350 ne.

Ke nan an ninka yawan farantai, an yi aiki iri ɗaya, amma wutar da aka ci ba ta kai rabin ta farko ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sai dai farantai biyar ko goma ba za su zauna a kan furosesa ba, domin faɗin murfinta bai wuce na faranti ɗaya ba. Dole a yi zagayen ruwa biyu: ɗaya yana ɗauko zafi daga furosesa zuwa fuskar sanyi ta farantan, ɗaya kuma yana ɗaukarsa daga fuskar zafi zuwa lagireto. Wannan yana nufin famfo biyu da tubalan jan ƙarfe masu hanyar ruwa, kuma kuɗinsu yana cikin lissafi.

Bambancin bai tsaya a kan wuta kawai ba. A ɗauka lagireton da ake da shi yana barin ruwa ya ɗara iskar ɗaki da digiri 3 a kan kowane wat 100, ɗakin kuma yana kan digiri 35, kamar yadda akan samu da bazara a ƙasar Hausa. Ba tare da faranti ba, ruwan da zai isa furosesa zai tsaya wajen digiri 41. Da tsari na farko ruwan fuskar zafi zai haura kusan digiri 51, a cire tazarar 20, a sami 31. Da tsari na biyu zai tsaya a 45.5, a cire 20, a sami 25.5. Ashe a tsari na farko rabin sanyin da faranti ya samar ya tafi wajen biyan bashin zafin da shi kansa ya jawo.

6.0 Inda Za a Samo Wutar

6.1 Akwatin wutar kwamfuta

Tsarin ATX, wanda Intel ya kafa a 1995, ya tanadi bolt 12 da 5 da 3.3. Furosesa da katin hoto duka a kan layin bolt 12 suke, nan kuma faranti zai zo ya zauna. A ɗauka furosesa tana cin wat 200, katin hoto 250, sauran kaya 50. Idan aka ƙara wat 330 na farantai jimla ta zama wat 830, watau kusan amfiya 70 a kan layi ɗaya. Lambar da ya kamata mai saye ya duba ita ce amfiyar da aka rubuta a ƙarƙashin bolt 12 a jikin akwatin, ba jimlar wat da aka buga da manyan haruffa a kwali ba. Ya kuma kamata a bar rarar kashi 20 cikin 100, domin nauyin faranti ba irin na furosesa ba ne mai hawa da sauka. Matuƙar ba a sa masa linzami ba, ja yake yi babu hutu.

Har ila yau, akwatunan da aka ƙera bisa ƙa'idar ATX12V ta 2003 sukan raba bolt 12 gida biyu ko fiye, kowane gida ba ya wuce amfiya 20. An janye wannan sharaɗi a 2007, amma har yanzu akwai akwatuna masu rabe-raben layi. Wanda ya ɗora amfiya 27.5 a kan layi ɗaya na irin wannan akwati zai ga ya ɗauke wuta nan take, ko da jimlar ƙarfinsa ta isa.

6.2 Waya da mahaɗa

Wayar da aka fi samu a akwatin wuta ita ce mai lamba 18 a ma'aunin Amurka, wadda turjiyarta ta kai kimanin om 0.021 a kowace mita. Idan amfiya 27.5 ta bi ta mita ɗaya, zuwa da dawowa, za a yi asarar fiye da rabin bolt, wayar kuma za ta riƙa fitar da zafin wat 16 a cikin rigarta ta roba. Da amfiya 12.5 zafin bai kai wat 4 ba. Mahaɗar katin hoto mai ido shida an ƙayyade mata wat 75, mai ido takwas kuma wat 150. Saboda haka tsari na farko yana bukatar mahaɗa uku masu ido takwas, kowacce da wayarta daga akwati. Tsohuwar mahaɗar nan mai ido huɗu ta faifan ajiya waya ɗaya ce tak take da ita ta bolt 12, ba ta dace da wannan nauyi ba. Kowane reshe kuma ya kamata ya sami fiyus nasa.

6.3 Akwati na biyu

Saboda waɗannan dalilai, tun farkon shekarun 2000 masu amfani da manyan farantai suka koma ga ware musu akwatin wuta na dabam. Wannan yana sauke wa kwamfuta nauyi, kuma irin akwatunan masana'antu suna da ɗan maɓallin da ake murɗawa a rage ko a ƙara matsi kaɗan. Amma yana kawo sabon haɗari, watau ɗaya ya tashi ɗaya bai tashi ba. Maganinsa shi ne a sa rile wanda wutar akwati na farko take jan sa, shi kuma ya tayar da na biyu. Idan na biyun ma ATX ne, rilen zai haɗa koriyar wayarsa da baƙa, domin ta haka ake kunna shi. Abin da ba a yi shi ne haɗa wayoyin bolt 12 na akwatuna biyu wuri ɗaya, domin matsinsu ba ya zama daidai, ɗaya zai riƙa tura wa ɗaya wuta.

6.4 Batir da kuɗin wuta

Inda ake dogara da batir da hasken rana, mutum zai iya tunanin jona faranti kai tsaye a kan batir. Sai a tuna cewa batirin dalma da ake kira mai bolt 12 yakan kai 14.4 lokacin caji. A wannan matsi farantinmu zai ja amfiya 6.7, ya wuce iyakarsa, ya ci ƙarin wat 30 domin ƙarin sanyin da bai kai wat 3 ba. Game da kuɗi kuwa, idan akwatin wuta yana isar da kashi 85 cikin 100 na abin da ya ja daga bango, tsari na farko zai ja wat 388, na biyu wat 176. A aikin awa 8 kullum na kwana 30, wannan yunit 93 ne da yunit 42 a mita, ban da abin da kwamfutar kanta take ci.

7.0 Sarrafa Wutar

Furosesa ba ta fitar da wat 200 kullum. Idan tana hutawa zafinta yakan sauka ƙwarai, farantin da aka bar shi a kan cikakkiyar wuta kuwa zai ci gaba da ja har fuskar sanyi ta faɗi ƙasa da matakin raɓa, watau yanayin da danshin iska yake fara zama ruwa a jikin abu. Iska mai digiri 30 da danshin kashi 80 cikin 100, irin ta damina, tana sauke raɓa a kan duk abin da ya yi ƙasa da digiri 26. Iska mai digiri 35 da danshin kashi 15, irin ta rani, ba ta yin haka sai an sauka wajen digiri 5. Ke nan tsarin da ya zauna lafiya a watan Maris yana iya jiƙa allon kwamfuta a watan Agusta. Garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka dole a sa wa wutar linzami, amma ba kowane linzami ba. Hanya mafi arha ita ce kunna-kashe cikin sauri, yadda ake rage gudun fanka. Ga faranti wannan hasara ce. Idan aka ba shi amfiya 6 rabin lokaci aka hana shi rabin lokaci, matsakaiciyar kwarara amfiya 3 ce, amma zafin turjiya ya ninka na amfiya 3 mai gudana a miƙe. Lissafi zai ba da wat 15.5 na sanyi a kan wat 39 na wuta, maimakon 24.5 a kan 21. Kunna-kashe a hankali, irin na firji, ya fi wannan muni, domin kumbura da tsukewar da ginshiƙan suke yi kowane zagaye yana gajiyar da dalmar da ta riƙe su har ta tsage. Abin da ya dace shi ne na'urar sauke matsi mai koyil da kafasito, wadda take lallashe wutar ta fito sumul. Masu ƙera farantai sukan ba da shawarar kada rawar da ke cikin wutar ta wuce kashi 10 cikin 100.

Sa'an nan akwai haɗari biyu da tsarin wuta ne kawai zai iya tare su. Na farko, idan wutar faranti ta yanke furosesa tana aiki, farantin ya zama katanga. Farantai biyar marasa wuta suna wuce wat 2.5 ne kawai a kan kowane digiri, don haka wat 200 yana bukatar tazarar digiri 80, abin da zai kai furosesa inda take rage gudu ko ta kashe kanta, wajen digiri 100. Na biyu, idan famfon fuskar zafi ya tsaya faranti yana cin wuta, zafin da ba shi da mafita zai taru har ya narkar da dalmar cikinsa, wadda a farantai na gama-gari take narkewa a digiri 138. Dole ne a sa ma'aunin zafi a fuskar zafi wanda zai yanke wutar farantan, a kuma tsara yadda kwamfuta za ta mutu idan wutar farantan ta yanke.

8.0 Darasi Daga Wani Yunƙuri na Kamfani

A ƙarshen shekarar 2020 Intel ya fito da tsarin da ya kira Cryo Cooling Technology, kamfanonin Cooler Master da EK kuma suka ƙera na'urori a kansa. Faranti ne a kan furosesa, da ruwa da lagireto a bayansa, yana shan wuta ta mahaɗa mai ido takwas, yana kuma da na'urar da take auna zafi da danshin iska ta daidaita wutar yadda ba za a faɗa ƙasa da matakin raɓa ba. Ke nan an magance matsalar linzami. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana taimakawa wajen kai gudu mai yawa idan kaɗan daga cikin sassan furosesa ne suke aiki, amma idan aka ɗora wa dukkansu nauyi zafin yakan fi ƙarfin farantin. Intel ya dakatar da tsarin a 2023. Wannan ya yi daidai da abin da lissafinmu ya nuna: wurin da ke kan furosesa ƙanƙane ne, tilas a matsa wa faranti da kwarara mai yawa, a nan kuwa ribarsa take faɗuwa.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an nuna cewa sanyin da farantin Peltier yake bayarwa yana da iyaka, wutar da yake ci kuwa hawa take yi babu tsayawa, saboda haka ribarsa tana wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin iyakar kwararar da aka rubuta masa. Wanda zai yi wannan aiki ya fara da auna zafin furosesarsa bayan zaburarwa, ya zaɓi tazarar da yake so bisa matakin raɓar ɗakinsa a damina, ya lissafa yawan farantai a kan ƙaramar kwarara, daga nan ya san akwatin wuta da waya da lagireton da zai nema. Idan lissafin ya nuna masa cewa ƙarin lagireto da fanka za su ba shi kusan wannan sanyi ba tare da wat 150 ko 330 na ƙari ba, to wannan ma amsa ce, kuma ta fi arha a same ta a takarda.

Ga malaman kimiyya kuwa, faranti ɗaya da ma'aunin bolt da na amfiya da na zafi sun isa a nuna wa ɗalibai dokokin Ohm da Joule da Peltier a zama ɗaya. Idan ɗalibi ya cika jadawalin sashe na 4.0 da hannunsa, ya ga inda ƙarin wuta ya daina ƙara sanyi, zai fi riƙe darasin fiye da wanda ya haddace shi daga allo. Ina fata masana da ke wannan taro za su duba kalmomin da aka yi amfani da su a nan, su gyara waɗanda suke bukatar gyara, domin a sami matsaya ɗaya wajen koyar da wannan fanni da Hausa.